Rarar da Tela Ya Bari

"Ba zan koma asibitin nan ba."

Keken ɗinkin ya tsaya cak. Tela ya ɗago ya dube ta, da guntun zare a bakinsa.

"Me kika ce, Ƙaramata?"

"Ka ji ni sarai. An yanka, an cire, ya isa haka."

Ba a daɗe ba da likitoci suka cire mata nonon hagu saboda ciwon daji. Yanzu kuma sun ce sai ta ɗora da maganin da ake ƙarawa ta jijiya, don kada ciwon ya dawo. Likitar ba ta ɓoye mata komai ba: gashi zai zube, jiki zai galabaita, kuma mai yiwuwa haihuwa ta yi wuya. Wannan na ƙarshen shi ya tsaya mata a rai.

Shekara da shekaru suna shago ɗaya, shi yana yanka yana ɗinkawa, ita tana jera duwatsun ado, har magana ta kai ga aure. Amma ranar da ta gaya masa abin da likita ta ce, amsarsa ke nan: "Jikinki ne, duk abin da kika zaɓa ina tare da ke." Shi a ganinsa kara ya yi mata. Maza ke nan, su bar ka a tsakiyar hanya su ce girmama ka suka yi.

Sai ga yayarsa ta zo dubiya, ta zauna a bakin gado, ta kwantar da murya kamar ta Allah.

"Ƙanwata, kin san shi kaɗai ne namiji a gidanmu. Mama ta haƙura da abin da aka cire, amma kar ki yarda a taɓa miki mahaifa. Shi kunya ba za ta bar shi ya faɗa miki ba."

Duk da haka ba ta yanke shawara ba sai yau da safe, da ta riga shi zuwa shago ta tarar da rigar aurenta a rataye. Ta juya ta bai-bai, yadda duk mai ɗinki ke yi, ta ga abin da ta gani.

Yanzu ta fizgo rigar ta shimfiɗa masa a kan tebur.

"Ai ka riga ka ba ni amsa." Ta nuna masa ƙugun rigar. "Duk amaryar da ka yi wa ɗinki sai ka bar mata rara a ƙugu, ka ce ranar da ciki ya fito a buɗa. Har tsiya nake yi maka a kai. Tawa kuwa ka bar fiye da ta kowa. Na gane... Ɗa kake so, kuma ban ga laifinka ba. Zan haƙura da maganin."

Ya cire guntun zaren daga bakinsa. Sannan ya jawo hannun rigar na hagu ya juya shi.

"Duba nan."

Ta duba. Rara ce mai faɗi, tun daga hammata har wuyan hannu. Na dama bai kai haka ba.

"Wane ciki kika taɓa gani ya fito a hannun hagu?"

Ta bi rarar da yatsa har ƙasa.

"Wajen nas ɗin da ke kula da ke na je, na tambaye ta yadda jiki ke komawa in an fara maganin. Ta ce wasu kan kumbura, kuma hannun ɓangaren da aka yi wa aiki kan yi nauyi. Jikin da zai sha magani na yanka wa rigar nan."

"To me ya hana ka faɗa min?"

"Tsoro, wallahi. Kar in tura ki cikin wahala, kina amai kina kallona."

"Amma Yaya ta ce..."

"Yaya ta faɗi nata. Ga nawa: ina so ki je. In Allah ya ba mu ɗa, mun gode. In bai ba mu ba, ke nake so in gani a kujerar nan ranar da idona ya daina ganin kafar allura. Da Mama da Yaya ki bar ni da su."

Kukan da take ta dannewa tun ranar aikin ya ƙwace mata. Haushinsa take ji, sonsa take ji, tsoron allurar maganin nan kuma bai ragu ko kaɗan ba. Ya bar ta ta yi mai isarta.

Da ta natsu ta goge fuska da bakin mayafi.

"Rufe shagon ka kai ni, tun likitar ba ta tashi ba."

Ya miƙe yana laluben makulli. Ta kai bakin ƙofa, sai ta tsaya, hannunta a kan kitsonta.

"Ɗankwalin rigar kuma... ka yanka shi babba. Ba gashin da zai riƙe shi."

"Yana cikin durowa," ya ce. "Shi na fara yankawa."