Lambar da Ba Ta Barin Tabo

"Miƙo hannun!"

"Abba wallahi ban yi ba..."

"Na ce ki miƙo! Naɗe hijabin nan!"

Ina ɗaki ina jan carbin hantsi na jiyo su. Na leƙo. Ɗana Hadi ne tsaye a tsakar gida da cokalin shayi a hannu, ya tasa 'yarsa Yusra a gaba. Ya manna mata cokalin a damtse, ya saki. Cokali ya faɗi ƙasa. Ya ɗauka ya goge da riga, ya sake mannawa. Ya sake faɗuwa.

Na ce, "Hadi, in shayi za ka dama, kofi yana kicin."

Ba ɗan fari ba ne, shi ya sa nake kiran sunansa gatsau.

"Iya ba ki gane ba. A waya aka turo mana, duk 'yan layinmu a kasuwa sun gani. Wanda aka yi wa allurar koronar nan, jikinsa mayen ƙarfe yake zama. Mace kuwa ta gama haihuwa ke nan! Wannan yarinyar kuma an ce min an gan ta da wani ɗan allura!"

"Sunansa Manniru, Abba..." in ji Yusra. "Ma'aikacin lafiya ne. So yake ya turo manyansa."

"Ya turo su gidan wa? To ki ji, na rantse da Allah duk wanda aka tsira wa abin nan ba zai ƙara kwana a gidana ba! Mai tsirawar kuwa ko ƙofata kar ya taka!"

Ya jefa cokalin a aljihu ya fice shago.

Yusra ta faɗo jikina tana kuka. Ni na raine ta. Uwarta Juwairiyya wajen haihuwarta ta tafi, tun ranar Hadi ko ciwon kai yake yi ba ya yarda allura ta taɓa shi.

"Iya ki taimake ni... Wallahi in ba shi ba, ba na jin zan iya..."

"Za ki iya cin tuwo dai. Tashi ki share majina."

Kar ku ɗauka ni ma na yarda da allurar. Tun shekarar da gwamnati ta kwaso kujerarta daga Ikko ta dire a Abuja muka biyo ta, marigayi Malam yana sayar da goro, muka zauna a Kubwa tun tana daji. Duk tsawon zaman nan ban taɓa ganin an bi ni har ƙofar gida da kyauta ana roƙona in karɓa ba. Ruwa saya muke, wuta sai ta ga dama. Sai allura ce kyauta? Har da lasifika da waƙa? Hmm.

Amma na san lamba. Ina yarinya a ƙauyenmu na ƙasar Zazzau 'yan lamba suka zo saboda agana. Aka ɓoye yara. Ƙanena Yamusa aka cusa shi a rumbu, ni kuwa aka cafke ni a hanyar rijiya aka tsaga min damtse. Wurin ya kumbura, ya yi ruwa, ya bushe, ya bar tabo kamar kwabo. Da agana ta shigo gari ta tsallake ni. Yamusa ta ɗauka.

Don haka ni a wurina magana ɗaya ce: in lamba ta kama, tabo take bari.

Na ce wa Yusra, "Kai ni in ga angon nawa. A ina yake zama?"

"Ba wuri ɗaya suke ba, Iya. Jiya suna bakin kasuwar nan, yau suna tashar Jabi."

"Au, yawo yake da kujerar? Mai maganin basir ma haka yake yi, kafin a gane shi ya bar gari."

Muka ce wa mutan gida dubiya za mu, muka hau bas.

A tashar Jabi muka same su a gindin wata rumfa, da tebur da akwatin sanyi da kujerar roba. 'Yan kamasho sun yi cirko-cirko daga nesa suna kallo. Wani yana cewa, "Oga, in ka yi sai bayan shekara biyu za ka mutu." Wani ya ce, "Ni ko biyana za a yi ba na yi." Wani direba kuwa ya zauna an yi masa, wai zai je Umara ne, in ya mutu ma a can ya fi.

Yaron ya hango mu ya taso da sauri, ya durƙusa har ƙasa. Dogo, baƙi, ya rufe baki da ƙyallen nan. Idonsa dai na kan Yusra, ita kuma ta sunkuyar da kai tana murmushi kamar ba ita ta jiƙa min zane da hawaye ba.

"Iya, barka da zuwa. Kin sha hanya."

"Cire takunkumin in ga bakin da ya ruɗa min jika."

Ya cire. Ba laifi.

"Kai da kake yi wa mutane, an yi maka?"

"An yi min ta farko, Iya. Mu aka fara yi wa."

"Wane hannu?"

"Na hagu."

"Naɗe."

Ya naɗe riga. Na jawo damtsen kusa da idona, na shafa, na juya shi wajen rana. Sumul! Ko cizon sauro babu.

Na sake shi.

"Yaro, ni za ka yi wa ƙarya?"

"Wallahi Iya an yi min! Ita wannan ba ta barin tabo. Ga katina ma..."

"Ni da takarda sai ƙunshin ƙosai. Ga lamba nan!" Na zame mayafi na nuna masa tawa. "Wannan ita ce shaida. Kai ka zauna kana tsira wa 'ya'yan mutane abin da ka hana jikinka. Mai abincin da ba ya cin girkinsa, ni zan ba shi jikata?"

Wata nas da ke tare da shi, Sista Magdalene, ta ce da Hausarta ta 'yan koyo, "Mama, ka yi haƙuri ka zauna, zan yi maka bayani."

"Riƙe bayaninki, 'yar nan. Yusra, wuce mu tafi."

"Yusra..." ya kira ta a hankali. "Hasken raina, don Allah..."

Na ce, "Hasken ranka NEPA ta ɗauke."

Muka hau bas. Sai da muka zo gadar Kubwa ta ce, "Iya, ke kaɗai gare ni fa. Ke ma kin koma bayan Abba?"

Na juya ina kallon taga. Maganar ta zauna min a ƙirji.

Daga ranar yarinya ta daina cin abinci sai tsakura. Ta rame, wuya ya fito. Hadi kuwa har tsire ya sayo min don murna, wai ashe Iya ta fi kowa ganewa. Duk wanda ya shigo gidan, mai gyaran famfo ne ko mai kawo gas, sai ya ga yana lallaɓa aljihun da cokalin yake.

Rannan da rana ina kishingiɗe, Yusra ta shigo ta durƙusa.

"Iya, ya ce lokacin allurarsa ta biyu ya yi. Ya ƙi yarda a yi masa sai a gabanki. Ranar kasuwar Karshi suna can."

"Karshi? Kujerar ta sake tashi ke nan."

"Iya don darajar mahaifiyata..."

Ta san inda za ta taɓa, 'yar banza.

Karshi ba nan kusa ba ce. Muka keta Abuja gaba ɗaya, ƙashina duk ya yi tsami. Muka same su kusa da masu doya. Mata na wucewa da kaya a ka suna harararsu, wata tana ja wa 'yarta hannu tana cewa kar ta ko kalli wurin.

Na ce wa Sista Magdalene, "Buɗe akwatin. Ni zan zaɓi kwalbar."

Ta yi dariya. "Mama, kai soja ne?"

Na tura hannu can ƙasa na nuna wata. Ai na san ta sama ita ake ajiye wa 'yan gida. Ta fasa a gabana, ta zuƙa. Manniru ya zauna a kujerar robar, ya naɗe riga. Na matso har numfashina na taɓa shi, na ga allura ta shige, na ga ruwan ya ƙare.

Ya runtse ido, ya ɗan yi ƙara.

Na ce, "Au! Kai ma tsoro kake ji?"

"Sosai ma, Iya," ya ce yana dariyar kunya. "Ban taɓa son allura ba."

Yusra ta kai hannu za ta riƙe shi, ta tuna ina wurin, ta mayar.

Na tsaya ina kallonsu. Na ce a raina, yarinyar nan in ta shiga gidansa, ko ba jima ko ba daɗe sai an yi mata. In guba ce, gara ta fara da wadda ta gama cin rabonta.

"Tashi min a kujera."

"Iya?!"

"Sista, akwai saura a kwalbar nan? Ita nake so, ba wata ba. Kuma a nan za ki yi, kusa da tsohuwar, su ga juna."

"Iya, rantsuwar Abba fa!" Yusra ta riƙe ni tana kuka.

"Ni na haifi mai rantsuwar."

Washegari na ji a jikina, har kwana biyu: zazzaɓi, hannu kamar an ɗaura min dutse. Na ce to, Kubra, kin kai kanki. Na yafe wa kowa a zuciyata, har da maƙwabciyata mai zubo mana ruwan wanki. Sai kuma na warware, na tashi da yunwa.

Na zauna jiran ƙurji. Kullum da safe in zame riga in duba. Shiru. Wuri ya koma sumul kamar na yaron.

Ashe gaskiya ya faɗa. Lambar zamani ce ba ta da kunya, ta shiga ta fita ba sallama.

Ranar Juma'a bayan an sauko, Hadi ya shigo gaishe ni ya tarar na ɗaure kayana a zane, na sa takalmi.

"Iya, ina zuwa?"

"Ka ce wanda aka tsira wa ba zai kwana a gidanka ba. Na ma ƙara kwanaki a kai. Nemo min mota."

Ya yi tsaye kamar an dasa shi.

"Iya... ke? Wa ya... Yaron nan ne ko?!"

"Ƙafata ce ta kai ni. Ciro cokalin."

"Haba Iya..."

"Ciro na ce!"

Ya ciro ya manna min. Cokali ya faɗi. Na ɗauka da kaina. Hadi kuwa dawowarsa ke nan daga masallaci cikin rana, duk ya jiƙe da gumi. Na ɗage hannun rigarsa na manna masa a damtse.

Cokali ya zauna daram.

Yusra da ke bakin ƙofa ta toshe baki.

Na ce, "Ikon Allah. Hadi, yaushe aka yi maka ba mu sani ba?"

"Gumi ne, Iya! Gumi ne kawai!"

"To."

Ya zauna a bakin gado. Ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, idonsa ya kaɗa.

"Iya, da ƙafarta Juwairiyya ta shiga asibiti. Ina kallo aka yi mata allura. Ba ta ƙara magana ba. Yarinyar nan ita kaɗai ta bar min... In wani abu ya same ta fa?"

Na dafa kansa, rabon da in yi haka tun yana ɗan makaranta.

"Kai ta taga ka leƙa. Ni ina ciki, hannunta na cikin nawa. Jini ne ya ɓalle mata tun a gida, kafin a zo da allurar ta riga ta yi nisa. Kwananta ne ya ƙare, Hadi. Wadda ta bar maka kuwa, dube ta. Ba allura ce ta ramar da ita haka ba."

Ya juya ya kalli Yusra, kallon da ya daɗe bai yi mata ba. Ta rarrafo ta kifa kai a gwiwarsa.

"Abba ka yafe min... Ina son sa, amma ba zan tafi ba sai da albarkarka."

Hawayensa ya ɗiga a hijabinta.

"Rantsuwar fa, Iya?"

"Ka tambayi liman, ka ciyar da miskinai. Ka fara da ni, a sayo tsire."

Bayan Babbar Sallah aka ɗaura aure. Sista Magdalene ta zo da ashobe, wato ankon biki, ta fi kowa rawa. Da za a tafi da amarya ta ƙanƙame ni tana kuka, ni ma wani abu ya faɗa min a ido. Manniru ya durƙusa yana godiya, na ce ya tashi, in ya ɓata mata rai ni ma na iya tsira allura, ta ɗinki.

Shekara na zagayowa ta haifi mace. Aka sa mata Juwairiyya.

Ni dai har yau ban ce na gama yarda da abin kyauta ba, kuma nakan duba damtsena lokaci-lokaci. Amma ana saura kwanaki suna, Hadi ya dawo daga kasuwa yana ta kare hannun hagu, ko labule ya kasa ɗagawa da shi. An ce min an ga kujerar robar nan a bakin layinsu.

"Lafiya, Hadi?"

"Dilar atamfa na ɗaga, Iya."

"Allah sarki. Sannu."

Na tashi na shiga kicin, na dawo na ajiye masa cokali a gabansa. Babu kofi.