Kalmar Sirrin Malam Tajuddeen

Ranar Litinin da hantsi, a shekarar 1998, aka kai wa Sufeto Sahabi ƙara daga wata kwaleji a Gusau. Wani ya shiga kwamfutar sashe ya ƙara wa wata ɗaliba, Shafa'atu, makin jarrabawa. An riga an buga takardar korarta, ranar Laraba shugaban kwalejin zai sa hannu.

Sahabi kuwa, in gaya muku, ba ɗan boko ba ne irin na yanzu. Daga kurtu ya taso, ya fito yaƙin basasa da harsashi a cinya, kuma bai taɓa danna kwamfuta ba. Amma a duk Gusau ba a yi maƙaryacin da ya iya haɗa ido da shi ba.

Malam Tajuddeen, lakcaran kwamfuta, ya tarbe shi a wulaƙance. Ya ce shi ya shirya gasar bidiyo da fasta don ɗalibai su koyi tsare kalmar sirri, kuma bidiyon Shafa'atu ne kan gaba kafin asirinta ya tonu. Yanzu fastar wani ɗalibi, Mas'udu, ce za ta ci.

Da yake da kalmar sirrin Malam ɗin aka shiga kwamfutar, Sahabi ya ce, "Wa ya san kalmar sirrin taka?"

"Ni kaɗai. Wannan ba aikin kulki ba ne, Sufeto."

"Ka rubuta ta wani wuri?"

"Ni da nake hana mutane?"

Yana faɗa idonsa ya sauka kan aljihun tebur. Sahabi ya gani.

Ya hau bas zuwa Tsafe, garin su Shafa'atu. Uban yarinyar ya tare ƙofa ya ce ɗiyarsa ba ɓarauniya ba ce, kuma ba ɗan sandan da zai taka masa zaure. Ta bayan labule Shafa'atu ta ce ita ba ta ko san an taɓa makinta ba. Da ya tambaye ta Mas'udu, ta ce ya taɓa rantsuwa gaban 'yan aji cewa mace ba za ta kayar da shi ba.

"Kuma fastar da ya kawo ba hannunsa ba ne. Ko layi bai iya ja ba."

Washegari Sahabi ya sa aka buɗe zauren gasar. Fastar Mas'udu ta fi kowacce ƙyalli, an kewaye ta da furanni da tsuntsaye irin na bayan gingimari. Can ƙasa a kusurwa an rubuta SAUDE74 da jan fenti.

"Malam, wace ce Saude?"

Fuskar Malam Tajuddeen ta canza. Da ƙyar ya ce matarsa ce, kuma kalmar sirrinsa ke nan. Ya amsa cewa ya manna ta cikin aljihun tebur don gudun mantuwa.

Masu irin wannan zanen ba su da yawa. Direbobin tasha suka ce hannun Bala ne, mai zanen motoci a Bungudu.

Da Sahabi ya isa, Bala ya karɓe shi da faɗa, ya ce shi bai san karatun boko ba, ba ya kuma son rigima. Ƙa'idarsa ɗaya ce: duk abin da ke kan takarda sai ya ɗora shi, ko ɗigo ne, tun ranar da wani direba ya mare shi don ya tsallake harafi. Ya zaro takardar da wani ɗalibi ya kawo masa daga gwangwanin fenti. Ga tsarin fastar, ga kalmar an rubuta ta ƙanana a gefe da biro.

Da la'asar aka kira Mas'udu ofishin shugaba. Ya rantse shi ya zana fastarsa da hannunsa.

Sahabi ya ce, "To karanta min kusurwar."

Ya duba. Bai taɓa tsayawa ya karanta ta ba, ya ɗauka sa hannun mai fenti ne.

Sahabi ya shimfiɗa takardar gabansa. "Wannan biron na wa ne?"

Ya yi ta kame-kame, ƙarshe ya zube. Ya ce ya kwafi kalmar ranar da Malam ya aike shi ɗauko alli, a kan takardar tsarin fastar da ke hannunsa. Ya ƙara wa Shafa'atu makin ne don a ce ita ce, a fitar da ita daga gasar.

"Ban yi zaton za a kore ta ba."

"Kwana biyu kana ganin an buga takardar, bakinka na nan?"

Shugaba ya ciro takardar korar ya kekketa ta. Kofur ɗin da ya rako Sahabi ya sa wa Mas'udu ankwa, aka bi da shi ta tsakiyar ɗalibai zuwa mota, ba wanda ya matsa masa hanya sai da Sahabi ya ɗaga sanda.