Kwalbar Arsenik da Ta Ɓace a Tawa

Da hantsi aka kira komisariyar 'yan sanda: an ɗauke kwalba ɗaya daga wani labo, ɗakin gwaje-gwaje da ke binciken ciwon daji. Insfekta Isufu ya tarar da shugabar wurin, Dokta Hajaratu, tsaye gaban kabad.

"Mi ke cikin kwalbar?"

"Arsenik. Farin gari ne, ba wari, ba ɗanɗano."

"Mi kuke yi da guba a nan?"

"Ƙwayoyin daji suna da wani sinadari, glutaminas, da shi suke sarrafa abincinsu. Muna gwada yadda arsenik ke daƙile shi, ko yunwa za ta kashe su. Amma cikin faranti muke gwaji, Insfekta. A jikin mutum ba ya tantance ƙwaya mai ciwo da mai lafiya."

"Mutum nawa zai kashe?"

"In an zuba a randa, gida guda."

Isufu ya matsa kusa da kabad ɗin. Ya duba kwaɗon, ba a fasa shi ba. Makulli biyu ne, na Hajaratu da na Sa'idu, ma'aikacinta mai awon jini. Ta ce rabonta da ganin kwalbar tun ranar Juma'a.

Da Isufu ya tambaye shi, Sa'idu ya amsa yana kallon ƙasa.

"Ban taɓa kabad ɗin ba. Ranar Asabar ma ina Affala, wurin suna."

Rissa mai gadi ya ce bai ga kowa ba. Da Isufu ya gaya masa abin da ke cikin kwalbar, sai ya gyara rawaninsa, ya sauya magana.

"Sa'idu ya shigo Asabar da safe. Ya ce kar in faɗa. Bambeye ya ce za shi, wurin tsohuwarsa."

Isufu na shirin tayar da mota wayarsa ta yi ƙara. Daga asibiti ne, suna zargin guba. An kawo wata tsohuwa, Delu, daga Bambeye, amai da zawo sun galabaitar da ita, numfashinta na warin tafarnuwa. Ya maimaita wa Hajaratu. Ta dafa bango.

"Arsenik ne," in ji ta. "In ya shiga jiki, haka yake sa numfashi wari."

Isufu ya saka Sa'idu a mota, suka nufi asibitin. A ƙofar ɗakin marasa lafiya ya tsayar da shi, ya nuna masa gadon.

"Wace ce waccan?"

Sa'idu ya durƙusa.

"Innata ce. Dajin mama ke cin ta, likitoci sun ce a mai da ta gida. Ni kuma kullum ina gani da idona, ƙwayoyin nan suna mutuwa cikin faranti. Na ce in ba ta kaɗan kaɗan a fura."

"Ina sauran?"

"Cikin tukunya, bayan gadonta."

"Da yara a gidan?"

Sa'idu ya ɗago, idanunsa a waje. Isufu ya kira jandarmomin da ke kusa da Bambeye, ya tsaya da waya a kunne har aka ce masa an samu kwalbar a rufe.

"Za ta tashi?" Sa'idu ya tambaya.

Likitan da ke kanta ya ci gaba da ɗaura mata ruwa.

Isufu bai sa masa ankwa ba, ya dai riƙe shi a damtse. Suna juyawa tsohuwar ta buɗe ido, ta gane ɗanta.

"Sa'idu," ta ce da ƙyar, "ka gaya musu su ba ni maganinka. Yau ban sha ba."