Dutsen Rijiyar Turba

Da hantsi aka jawo gawar Labbo maginin rijiya daga sabuwar rijiyar Turba, kansa a fashe. A ƙasa an tarar da ƙaton dutse mai jini da ɗan dagin haƙa. Kafin azahar gari ya gama shari'a, wai Illo ne. Shi ke gyaran bango kan wani katako dab da kan Labbo, ga shi baƙo, ɗan gudun hijira daga birnin Alkalawa. Aka ɗaure shi, ana jiran takobi.

Tsoho Amiru ya ƙi yarda. Ranar da mayaƙan jihadi suka ci birnin, Illo ne ya goyo shi har Turba, kibiya na kafe a cinyar tsohon, kuma bai manta ba. Ya roƙi maigari ya ba shi zuwa la'asar.

Ya tambayi Illo, "Mi kaj ji?"

"Abu ya wuce kunnena, ya daka ƙasa. Sai da niƙ ƙare salati dagi yah hwaɗo."

Masu jan igiya biyu ne a sama. Ɗayansu, Malami, ya tafi shayar da jaki a lokacin, mata sun shaide shi. Saura Kassimu, wanda ya rantse bai ga komai ba.

Amiru ya sha sakin duwatsu daga kan ganuwa, ya san halinsu. Ya sa aka kifa turmi a gindin rijiyar, aka saki dutsen daga katakon Illo. Turmin ya ɗan kwarzane. Aka sako shi daga bakin rijiyar, turmi ya rabe biyu.

"Abu in yana hwaɗuwa, gudu shi kai ta ƙarawa," in ji Amiru. "Dutsen da yah hwasa kan Labbo daga sama yaz zo."

Gumi ya karyo wa Kassimu. "Tsautsayi na! Itacen bakin rijiya yak karkace, dutse da dagi sunka sulluɓe tare. Dutse ya hi nauyi, shi as sa yar riga isa."

Amiru bai yi musu ba. Ya ɗora dutsen da dagin kan itacen, ya karkata shi. Jama'a suka kasa kunne. Ƙara ɗaya aka ji. Amiru ya dubi Kassimu.

"Babba da ƙarami tare su ka sauka. Jihwa biyu kay yi: dutse na Labbo, dagi na Illo, kak kuskure."

Nan Kassimu ya zube, ya amsa laifinsa. Ashe Labbo ya gan shi yana nuna wa mahara rumbunan gari, ya kuma ce zai faɗa.

Da aka kwance Illo, sai ya durƙusa gaban tsohon, hawaye na zuba, ya fara godiya. Amiru ma idonsa ya cika, amma ya ɓata fuska ya dafa cinyarsa.

"Bar ta, ɗana. Ƙahwar ga ta ƙi. Juyo ka goya ni gida."