Wanda Ya Kankare Baƙin Faranti

A taƙaice, al'amarin ya shafi wata tashar gwaji a bakin kogin Haɗeja, inda Injiniya Ummussalma Bunu take tace ruwan da ke fitowa daga marina. Farantan ƙarfen da take aiki da su an shafe su da garafin, wani baƙin sinadari ɗan'uwan gawayi. Idan lantarki ya ratsa su, sai su cinye dattin rini kafin ruwan ya kai ga kifi. Da safiyar ranar da kwamiti zai zo ya yanke ko aikin zai ci gaba, aka iske an kankare rabin farantan da toka da yashi, suna ta ƙyalli.

Sufeto Tasi'u ya fara da maigadi, kamar yadda aka saba farawa da wanda ba shi da ofis.

"Baba Haladu, kai ka wanke su?"

"Ranka ya daɗe, ko butata ban wanke ba bana. A tambayi iyalina."

Sai Dakta Mukhtar ya sa baki. Shi ne abokin aikin Injiniya, wanda aka jingine matatarsa ta ɓuntun shinkafa tun zuwan garafin.

"Rashin sani ne, Sufeto. Tsoho ya ga baƙi, ya ɗauka kunkunniya ce. A yi masa afuwa."

"Madalla da tausayi," in ji Sufeto. "To, waɗannan farantan na tsakani da aka tsallake ba a kankare ba fa?"

"Ai su gawayi zalla aka shafa musu don kwatance, ba garafin ba," in ji Dakta.

"Ni duk baƙi nake gani. Injiniya, ke kina bambance su?"

"Sai na ɗora musu mita, Yallaɓai. Dakta ne ya jera su."

Sufeto ya yi bayani a natse, cewa mai wanki don tsabta ba ya ɗaukar faranti ɗaya ya bar na kusa da shi alhali duk launinsu ɗaya. Wanda ya zaɓa ya san jerin, wanda ya jera su ne kaɗai kuma ya san jerin.

Dakta ya cire tabarau. "Shekara da shekaru ina shaƙar hayaƙin ɓuntu, ko hoto ba a taɓa ɗaukata ba. Ita daga zuwa, har rediyo!"

Abin da aka yi asara: farantan garafin gaba ɗaya, kujerar Dakta, da aikin Injiniya, wanda kwamiti ya ɗage zuwa baɗi bayan ya sha lemo. Ruwan marina kuwa yana nan yana shiga kogi, shuɗi kamar da.