Filin Ya Kaka

"Dube ni, Alhasan! Ni kake so ko filin kakata?"

Yakura ce tsaye a bakin ramin kwaɓa ƙasa. Alhasan ya ɗago kai, laka har gwiwarsa, ya saki fartanya.

"Wa ya gaya miki wannan magana?"

"Duk kasuwa ta ɗauka! An ce don filin ne kake zuwa zance gidanmu..."

Shekara biyu ke nan da fara ta cinye gonakin Gamu da Bune, mutane suka kwararo nan garin Gure da 'ya'yansu. Wasu suka raɓa a zaurukan mutane, wasu ƙarƙashin goruba. Mai gari da dattawa suka yanke a riƙa yin gayya kowace Laraba, a gina ɗakuna ashirin, duk wanda ya sa hannu ya samu ɗaya. Alhasan, magini ne daga Gamu, shi aka ɗora a kan aikin. Sai dai wurin da aka ba su rairayi ne, ruwan farko ya kwantar da ɗakuna uku. Ƙasa mai riƙe gini tana gabas da kasuwa, a filin Ya Kaka, tsohuwar da ta reni Yakura tun rasuwar iyayenta.

"Yakura tawa," ya ce a hankali, "ina son filin, ba zan ɓoye miki ba."

Ta ji kamar an soke ta.

"Amma ba don kaina ba. Kin ga Habsu can? Mijinta ya mutu a hanya, 'ya'ya huɗu take lulluɓewa da zana guda in hadari ya taso. Ke kuwa... tun ranar da kika miƙo mini ruwa a rijiya nake son ki, ban ma san sunan kakarki ba."

"Baki ne kawai!"

Ta juya da gudu, hawaye na zuba.

A tsakar gida ta tarar da Kawu Umara, ƙanen mahaifiyarta, yana faɗa.

"Mutumin da ba shi da ko ɗakin kansa? Ga Fannami mai fataucin kanwa yana neman aurenta, gida har shiyya uku! Shi ya buɗe mana ido a kan yaron nan."

Ya Kaka ta ajiye mazarinta.

"Fannami ne ya faɗa?"

"Shi ne, Inna."

"To, Umara, baƙi nawa ke kwana a zaurukansa?"

"Sun kai goma sha biyu."

"Su ne ke ɗaura masa kanwa daga safe har la'asar a bakin wurin kwana. In sun samu ɗakuna, wa zai ɗaura masa?"

Kawu Umara ya kau da kai. Yakura ta zube kusa da tsohuwar, ta kifa kai a cinyarta.

"Ya Kaka, na zage shi a gaban mutane..."

"Share hawayenki, 'yar nan. Gobe za mu gani."

Washegari da hantsi tsohuwar ta dogara sanda har ƙofar mai gari, Yakura na biye. Jama'a sun cika, Fannami na gefe cikin babbar riga.

"Ranka ya daɗe, na ba gari filina," in ji Ya Kaka. "Sai dai magini ba zai samu ɗaki a ciki ba, ko taki ɗaya."

Fannami ya murmusa.

Alhasan ya miƙe, ya durƙusa gabanta.

"Allah ya saka miki da alheri, Ya Kaka! Na yarda. Nawa a ba Habsu, a haɗa mata biyu, yaranta na da yawa. Laraba za mu fara."

Ko ɗaure fuska bai yi ba. Murna ce fal a idonsa.

Yakura ta rufe baki da mayafi, kuka na neman ƙwace mata. Fannami kuwa ya karkaɗe rigarsa ya fice, bai yi wa kowa sallama ba.

Da yamma ta same shi yana buga tubali. Ta matsa kusa da shi.

"Ka yafe mini..."

"Me kika yi mini, hasken idona?"

"Na yi maka zato. Ga shi yanzu ba ka da ɗaki, Kawu kuma ya rantse ba zai ba da ni ga mai kwana a zaure ba."

"Zan nemi wuri in gina. Ko shekara uku ne, za ki jira ni?"

"Ko goma!"

Ba a kai ga haka ba. Bayan kaka ɗakuna ashirin suka tsaya, da azarar goruba da yaɓe mai kyau. Sai mai gari ya aiki Alhasan zuwa Bune ya duba wata rijiya da ta rufta. Kwana tara ya yi. Da ya dawo ya tarar da sabon ɗaki a cikin gidan Ya Kaka, Habsu da maƙwabtanta suna share ƙofarsa. Su suka gina, maza da mata, tsohuwar na zaune tana ba da umarni.

"A filin na hana ka," in ji ta, "ban ce a gidana ba."

Kawu Umara ya zagaya ɗakin sau biyu, ya bubbuga bango, sannan ya ce a kawo goro.

Kwana bakwai da ɗaurin aure, Yakura ta shigo da ƙwaryar fura ta ga angonta ya ƙura wa bangon gabas ido, yana auna shi da hannu.

"Lafiya, maigida?"

"Amarya, bangon nan a karkace yake. Kwana biyu kawai, in rushe in..."

Ta ajiye ƙwaryar, ta riƙo hannunsa da nata biyu.

"Habsu ce ta ɗora wannan layin, da goyo a bayanta. Wallahi ka taɓa shi, gidan Kawu zan koma!"

Ya fashe da dariya, ya jawo ta jikinsa, suka zauna suka jingina da bangon.