Murfin Langar Fanta

Wa ya ce maka abin da aka gudu aka bari ba shi da mai shi?

Badamasi malamin sakandare ne a Batsari, yana rubuta kundin digirinsa na biyu a kan kayan da mutane ke bari idan 'yan bindiga sun tashi ƙauyensu. Wata ranar Laraba ya dawo daga wani kufai ta wajen Safana da buhu a bayan babur: silifa wari ɗaya, ƙonanniyar tocila, da murfin langa mai shuɗin fure da ya tarar a kife gindin tsamiya, an danne shi da dutse. Ya goge ƙasar, ya manna wa kowanne lamba, ya jera su a ɗaki.

Ana kiran magariba tsakuwa ta fara sauka a kan kwanon rufi. Matarsa Ramlat ta leƙa, ba kowa. Kaji suka ƙi shiga akurki. Washegari da almuru jifan ya dawo, tare da wata murya a bayan ɗaki kamar ta mai rarrashin jinjiri. Sai 'yarsu Mardiya ta bar waken da take tsinta, ta ɗauko murfin, ta kife shi a tsakar gida, ta dafe. Ta ƙi ci, ta ƙi sha, maza biyu suka kasa ɗaga ta.

Aka ɗauko Malam Armaya'u, mai ruƙiyya. Ya daɗe yana karatu kafin wata tsohuwar murya ta fito daga bakin yarinyar. Ta ce a tsamiyar take zaune tun ba a haƙa rijiyar ƙauyen ba. Ranar harin, wata mata Fanta ta binne jaririnta a nan da fartanya, babu itace babu tukunyar rufe kabari, ta kife murfin langarta don ta gane wurin, ta bar mata shi amana. Yanzu alamar ta tafi.

Badamasi ya ce don kada duniya ta manta da su ya yi.

"Wa ka tambaya?" in ji muryar. "Fanta tana garinku, a ajin makaranta take kwana. Ta ƙofar ajin ka wuce da buhunka."

Malam ya ce yarinya ba ta ɗauko komai daga kufan ba, a sake ta. Muryar ta ce za ta fita, muddin murfin ya koma, kuma hannun Fanta ne ya kife shi. Badamasi ya rantse. Mardiya ta yi atishawa, ta nemi ruwa.

Da ya kai wa Fanta murfin, sai ta karɓa. Ta sa farce ta ɓamɓare lambar.

Ku masu bincike, masu kufan nan suna raye a Batsari da Safana. Ku je ku gaishe su, ku nemi izini. Abin da kuka riga kuka kwaso kuwa, ku mayar.